Karfasar Inna

A bakin wani shuɗin tankin roba suka fara haɗa ido. Auta ta rako mahaifinta cibiyar horar da ƙananan manoma ne don Inna ta ce mata, "Bi shi. Kin san halinsa, zai ji rabi ya dawo ya ce ya ji duka."

Malamin da ke koyarwa matashi ne siriri, ya naɗe hannun riga, takalminsa duk ya jiƙe. Ya nuna musu tankin karfasa. Ya nuna bututun da ke kai ruwan zuwa rabin duro cike da tsakuwa, inda latas ya yi kore shar, sannan ya nuna inda ruwan ke gangarowa ya koma wa kifin.

"Kifi ya ɓata ruwa, ganye ya shanye dattin ya zame masa taki, ruwa ya dawo wa kifi a tace. Ruwa ɗaya ne ke zagayawa."

Baba ya yi ɗan tsaki. Shekara da shekaru yana noman lambu a bakin rafi, har rafin ya ƙafe, masu gini suka cinye filin. "Ganye a kan tsakuwa," in ji shi. "To, ma gani."

Auta ta ɗaga hannu. "Malam, in aka ɗauke wuta fa?"

"Sola ke juya famfon."

"In hadari ya rufe rana?"

"Akwai batir."

"In batir ɗin ya gaji?"

Aji ya kwashe da dariya. Malam ya dube ta, ya ɗan daɗe bai kawar da ido ba. "To sai ki ɗauki bokiti ki zama famfon da kanki."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Baba ya ga murmushin, ya ga kallon, ya gyara zaman hularsa.

Ba a jima ba aka kafa musu nasu a tsakar gida, kusa da igiyar shanya. Malam da kansa ya zo haɗa bututu, Baba na tsaye a kansa yana koya masa riƙon zarto. Inna na kishingiɗe a ƙofar ɗaki tana kallonsu. Ta daɗe tana jinya, ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce a rage gishiri, a yawaita kifi da ɗanyen ganye. Abin da ya kai Baba cibiyar ke nan, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Da aka zuba kifin, Inna ta sa aka ajiye mata kujera 'yar tsuguno a bakin tanki, ta karɓe aikin ba su abinci. Tana watsa musu tana yi musu faɗa kamar jikoki. Rabon da Auta ta ji dariyar Inna har ta manta, sai a bakin tankin nan.

Malam kuwa ya fara turo wa Auta saƙo, wai na duba aiki, har ya raɗa mata suna Tambayata.

"Tambayata, kin duba ruwa yau? In ya yi duhu ki rage musu abinci. In kuma kewar malaminki ce, wannan ba ta da magani sai na zo."

"Malamin Kifi, ruwa lafiya lau. Kewa kuwa ban gan ta ba, wataƙila tana ƙasan tanki."

"Zan zo da raga in kamo ta."

Da ya zo, suna tsugune suna dasa latas a tsakuwa, ya ce mata a hankali, "Kin yi min tambayoyi sun fi a ƙirga. Ni ɗaya ce tawa."

"Ina ji."

"In na turo kawuna wurin Baba, za ki ji haushi?"

Ta ci gaba da tura tsakuwa a gindin shukar. "In ka daɗe ba ka turo ba ne zan ji."

Kawun ya zo, Baba ya karɓe shi da mutunci, ya ce a ba shi lokaci. Da yamma Auta na wanke-wanke ta ji yana ce wa Inna, "Yaron ba shi da aibu. Amma aikinsa na yawo ne, yau yana nan, gobe a tura shi inda sai an kwana a mota. Ita kaɗai gare mu. Mai shagon taki kuwa ga shi nan bayan layi, ya daɗe yana nuna yana so. In na yi tari za ta ji."

"Tarinka za ka aurar ko 'yarka?" in ji Inna.

Mai shagon taki ba mugu ba ne. Yana da babur, yana da turare, ba ya zuwa gaida Baba hannu biyu. Sai dai duk zuwan da zai yi sai ya leƙa tankin ya taɓe baki ya ce, "Noman 'yan boko."

Wata safiya da Malam ya zo, Inna ta yafito shi. "Zo ka ga wannan. Kwana biyu ba ta cin komai. Ta raɓe a gefe, kumatunta sun cika. Ko ita ma irin ciwona ne?"

Ya leƙa, ya yi murmushi. "Lafiyarta ƙalau, Inna. Ƙwai ta ɗauka a baki. Haka karfasa ke yi, ba za ta ci komai ba sai sun ƙyanƙyashe sun iya iyo."

"Sannan ta sake su?"

"Dole. In ta riƙe su ya wuce kima, ita ta rame, su kuma ba sa girma."

Inna ta waiga wajen mijinta. "Ka ji, Baban Auta?"

"Ni ba kifi ba ne," in ji Baba.

Malam ya ɗebi ruwa a bokiti ya kama ta a hankali. Ya ce zai kai ta ƙaramin tanki a cibiya, don kada manyan su cinye 'ya'yan.

"Ka riƙe min ita amana," in ji Inna.

A makon ne jikin Inna ya motsa, Baba ya kai ta asibiti, Auta ta je aji ita kaɗai. Ranar Malam ya ja musu kunne a kan feshi. Ya ce in ƙwari suka sauka a ganye, a wanke da ruwa ko a cire da hannu, kada a kusanto da maganin ƙwari ko kaɗan. Auta ta dawo ta tarar da Inna na numfashi da ƙyar, maganar aji ta fice mata daga kai.

Inna ta ɗan samu sauƙi. Latas ya kusa isa yanka, sai ƙananan ƙwari suka sauka a bayan ganyen. Malam ya zo duba ruwa lokacin Baba ya fita, ya ce ya ɗan yi tsami, ya barbaɗa wani farin gari kaɗan, Inna na kallo. Ya nuna wa Auta ƙwarin ya ce ta wanke su in ta samu sarari.

Washegari da safe ta raka Inna a yi mata allura. Suka dawo wajen hantsi, suka tarar da Baba tsaye a bakin tanki, hannuwansa a baya. Famfo na aiki, ruwa na zagayawa, karfasa kuwa duk sun taso sun juya farin ciki sama.

Inna ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, "Ku shigar da ni ɗaki."

Kafin Malam ya iso maƙwabta sun cika tsakar gida. Mai shagon taki na gefe yana cewa, "Ai na faɗa."

"Mene ne ka zuba musu jiya?" in ji Baba. Inna ta riga ta ba shi labarin farin garin.

Malam ya matsa kusa da latas ɗin. Ya tsinki ganye ɗaya ya shinshina. Ya dubi lungun bayan kicin inda Baba ke ajiye kayan lambu. Ya dubi labulen ɗakin Inna. Sannan ya dubi Baba.

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Abin da za ka ce ke nan? Na ba ka gidana, na ba ka yarda, ka zo ka gwada karatunka a kaina?"

"Ka yi haƙuri."

Auta ta tsaya tana jiran ya ƙara ko kalma ɗaya. Bai ƙara ba. Ya naɗe hannun riga ya kwashe matattun kifin da kansa, ya fita da su a buhu.

Inna ba ta sake zama a kujerar nan ba. Ciwon ya dawo da ƙarfinsa, aka kwantar da ita, kafin wata ya ƙare Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce zuciya ce, ta daɗe tana gajiya. Baba ya ji, amma a ransa ya riga ya haɗa rasuwar da tankin.

Malam ya zo gaisuwa, ya zauna can ƙarshen tabarma. Baba bai dube shi ba. Da mutane suka watse ya ce wa Auta, "Kada ya sake taka min gida. Ɗan abin da ya rage mata na farin ciki shi ya kashe."

Labari ya bazu. Wasu manoman suka janye daga horon, cibiya ta hana Malam zuwa gidajen mutane, aka bar shi da aji kawai. Auta ta rubuta masa tana kuka:

"Malam, na yi ta jiran ka ce min wani abu ban da haƙuri. Tunda babu, ka bar ni in ji da Baba."

Amsa ta zo: "Allah ya ji ƙan Inna. Ki ci abinci, Tambayata. Ki sa Baba ma ya ci."

Baba kuwa ba ya ci. Sai ya ɗan taɓa loma biyu ya ture kwanon. Rigunansa suka fara yi masa yawa.

Wata rana Auta na share lungun bayan kicin, ta jawo tsohon famfon feshin Baba. Wari ya bugi hancinta. A bayansa ga kwalbar maganin ƙwari sabuwa, an taɓa ta kaɗan. Tun da rafi ya ƙafe Baba bai da abin fesawa. Ta zauna daɓas a ƙasa, maganar ajin nan ta dawo mata tiryan-tiryan.

"Na ga kwalbar," ta rubuta wa Malam.

"Ki mayar da ita inda kika gan ta."

Ta kira shi. "Ka sani tun ranar?"

"Na sani."

"Ka tsaya aka ci mutuncinka, ni ma na juya maka baya, ba ka ce uffan ba?"

"Don Inna ya fesa, Auta. So yake ta ci ganye mai kyau. Abin da ya yi shekaru yana yi a lambu ya yi, kuma a lambu daidai ne." Sannan ya ce, "Mahaifina mai kiwon kaji ne. Ya taɓa kuskuren magani, suka mutu kaf, unguwa ta mayar da shi abin nuni. Bai ƙara fita majalisa ba har ya rasu. Na ga fuskar Baba, na ga Inna a kwance. Ban iya ba."

"Ni ce ban gaya masa abin da ka faɗa a aji ba."

"Ke kina jinyar uwa. Ni ma ya kamata in same shi in faɗa masa da bakina. Ki yi min alkawari ba za ki gaya masa ba. Bai da ƙarfin ɗauka yanzu."

"Mu fa?"

"Mu muna da ƙuruciya. Za mu jira."

"In jiran bai ƙare ba fa?"

"Har yanzu ba ki daina tambaya ba," in ji shi. Ya kashe wayar.

Da mai shagon taki ya zo zance, ta tambaye shi, "Kai ka ba Baba maganin ƙwari?"

"Kyauta ma na ba shi. Ƙwari ai sai magani." Ya faɗa yana washe baki, shi ma bai san abin da kyautarsa ta yi ba. Ta ba shi haƙuri, ta ce ya nemi wata.

Baba bai yi faɗa ba. "Ban taɓa yi miki dole ba, ba kuma zan fara ba. Amma wancan ma, a'a."

Haka suka zauna, uba da 'ya, da busasshen tanki a tsakaninsu. Har ranar da Baba ya ce ya gaji da ganin kayan, a mayar wa cibiya famfonsu da solarsu. Ya ɗauki solar, ta ɗauki famfon.

Suka tarar mai kula da sito ya fita, sai suka tsaya jiransa a bayan rumfar aji. Sababbin ɗalibai ne, Malam na gaba. Ya rame. Ya hango su, maganarsa ta ɗan sarƙe, ya ci gaba.

Wata mata ta ɗaga hannu. "Malam, in ƙwari suka sauka wa ganyen, wane magani za mu fesa?"

Auta ta ɗago ta dubi Malam. Malam ya dube ta. Ya dubi matar, da sauran mutanen da suka zuba masa ido, kowa da tankinsa na jira a gida.

"Babu," in ji shi. "Ku wanke da ruwa, ko ku cire da hannu."

Wani dattijo ya ce, "In ganyen kawai na fesa fa, ban taɓa tanki ba?"

"Zai ɗiga a tsakuwa, ruwa ya wanko shi ya kai wa kifi. Ruwan ɗaya ne, Baba. In ka fesa da safe, kafin rana ta take sun mutu."

Auta ta ji ƙarar ajiye sola a hankali. Da ta waiga Baba ya juya ya kama hanya. Ta bi shi a baya har gida.

Ya jawo kujerar Inna ya zauna a bakin tanki.

"Kin sani?"

"Na sani, Baba. A ajin da ba ka je ba aka faɗa. Ni ce na manta ban gaya maka ba."

"Ganye na fesa, Auta. Ganye kawai. Na ga suna cinye mata latas, na ce kafin ku dawo daga asibiti in gyara mata." Ya rufe fuska da hularsa. Tun da ta tashi ba ta taɓa ganin kukansa ba, ko ranar rasuwar Inna.

Ta durƙusa a gabansa. "Likita ya ce zuciya ce, Baba. Ba kifi ne suka ɗauke ta ba."

"Na sani. Nema nake in ɗora wa wani." Ya goge ido. "Yaron nan ya tsaya a nan, na wanke shi tas a gaban mutane, yana kallon lungun can ya yi shiru. Ɗan wani ya rufa min asiri, ni na tona masa wanda ba nasa ba."

Washegari ya sa babbar rigarsa ya ce ta raka shi. A gaban aji ya tsaya, ya ce shi ne mai kifin da suka mutu, kuma hannunsa ne ya kashe su da feshi. Ya faɗa wa shugaban cibiya. Da suka dawo ya bi maƙwabta gida gida. Mai shagon taki ya ji, ya yi tsuru-tsuru, ya zo da kansa ya ɗauke kwalbarsa.

Baba da Auta suka wanke tankin har hannuwansu suka yi fari, suka zubar da tsohuwar tsakuwa suka kawo sabuwa. Sannan Baba ya ce, "Kira shi."

Malam ya yi sallama da bokiti a hannu. Ya durƙusa zai gaida Baba, Baba ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi.

"Ka yafe min, ɗana."

"Ba ka yi min komai ba, Baba." Ya buɗe bokitin. 'Ya'yan karfasa ne, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, suna ta wulƙawa. "Amanar Inna ce."

Baba ya daɗe yana kallonsu. "Uwar fa?"

"Ta sake su, ta koma cin abinci. Tana nan, ta yi ɓul-ɓul."

Baba ya karɓi bokitin ya karkata shi a hankali, 'ya'yan suka sulale cikin ruwa suka watsu.

"Ka turo kawunka."

"Baba, gaskiya ita ce, an ce za a mayar da ni sabuwar cibiya. Da nisa."

Baba ya ajiye bokitin.

"Na ji. Ka tafi da ita. Ni da waɗannan ma zauna."

Saƙo ya shigo wayarta kafin Malam ya kai bakin titi: "Tambayata, an ba ni amsa."

"Malamina, saura tambayoyina. Ka tanadi haƙuri."

Aka ɗaura aure ba tare da wani taro mai yawa ba, don zukata ba su gama warkewa ba. Da mota ta zo, Auta ta durƙusa gaban Baba tana kuka, ango na gefenta. Baba ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Kai, ka riƙe ta yadda ka riƙe amanar uwarta. Ke kuma ki rage tambaya."

"Ba zan iya ba, Baba."

"Na sani. Tashi ku tafi, kada rana ta yi muku."

Ta riga ta ajiye masa abinci a rufe kusa da kujerar Inna. A bakin ƙofa ta waiga. Baba ya watsa wa 'ya'yan karfasa nasu, ya tsaya ya ga sun taso. Sannan ya zauna, ya jawo kwanon, ya buɗe, ya yi bisimilla ya fara ci.